Jirgin ƙasan wasa mai batir: an rage masa inganci ne, ko na baya ake kawo mana?

*"Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Da ƙaramar Salla na sayo wa yarona ɗan shekara biyar jirgin ƙasa na wasa mai batir, da layinsa da taragu uku, don tun da ya ji ana maganar dogon Kano zuwa Maraɗi ba shi da zance sai na jirgi. Ko sati biyu bai yi ba ya fara wata ƙara yana tsayawa, yanzu fitila da jiniya kaɗai ke aiki. A gidan wana kuwa akwai wani tsohon jirgi da aka samo a gwanjo, ya girmi yaran gidan duka, har yau yana tafiya. Shin kamfanoni ne suka rage inganci, ko ni ne na yi rashin sa'a? In kuma zan sake saye, me zan duba?"*

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaron. Tambayarka biyu ce a haɗe: ko jiragen wasa na yanzu sun fi na da sauƙin ƙira, da kuma ko wannan sauƙin ne ya sa ba sa ƙarko. Ta farko babu gardama a kanta, an sauƙaƙa su ƙwarai, har a manyan kamfanoni. Ta biyu ce ke son a buɗe cikin jirgin a duba, domin akwai ragin da bai cuci kowa ba, akwai kuma wanda shi ne ya kashe naka. Ba rashin sa'a ka yi ba. Fitila na ci, jiniya na kuka, ƙafa ba ta juyawa: wannan ita ce mutuwar da yawancin irinsa ke yi, kuma sau da yawa tana gyaruwa.

Ba kaya ɗaya ba ne

Kafin a kwatanta na da da na yanzu, sai an san wanne ake kwatantawa da wanne. A farkon al'amari jirgin wasa kayan masu hali ne. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya fito a baje kolin Leipzig na 1891 da dogo mai faɗi tsayayye, yadda mutum zai sayi kan jirgi bana, baɗi ya ƙaro layi da tarago su dace. Lionel ya biyo baya a Amurka a 1900, Hornby kuma a Ingila ya fara da jirgin da ake yi wa wani kamar agogo, a 1920. Da kwano da ƙarfen zubi ake ƙera su, a ɗaure da sukuru, kuma ana sayar da kayan gyaransu ɗai-ɗai. Uba kan sayi ɗaya, ƴaƴa su gada.

Daga baya kasuwar ta rabu uku. Akwai na manya masu sha'awa, wanda ake ƙera shi kan ma'auni, kamar H0 mai kashi ɗaya cikin 87 na jirgin gaske da dogo mai faɗin milimita 16.5, ko N mai milimita 9. Wannan yana shan wuta ne daga dogon ƙarfe ta taransifoma, kuma ingancinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin wasan yaro. Akwai na yara na kamfanoni masu suna, mai batir da dogon roba, irin Plarail na Tomy da ke Japan, wanda ya fito a 1959 ya samu inji mai batir a 1961, ko na Lego, ko na Fisher-Price. Sai na uku, wanda ba shi da sunan kowa a jiki, kwali mai hoto mai kyau da tagar leda. Yawancinsa daga gundumar Chenghai ta birnin Shantou yake fitowa, ya bi ta manyan kasuwannin sari irin na Yiwu a ƙasar Sin, ya hau kwantena zuwa Kwatano ko Lome ko Legas, ya iso mana.

Na ukun nan shi ne ke cika teburan babbar kasuwa ana gab da Salla. Na gidan wan naka kuwa, tunda daga gwanjo ya fito kuma ya kai wannan shekaru, kusan tabbas na biyun ne. Ka ga ke nan ba tsoho da sabo kaɗai kake aunawa ba, kana auna kayan da aka yi wa kasuwar Turai ko Japan da kayan da aka ƙera da niyyar ya sauka Maraɗi bayan kuɗin jirgin ruwa da na duwan da na mota da ribar hannu uku ko huɗu, kuma a iya sayensa. Abin da ya rage wa mai masana'anta a cikin kuɗin da ka biya kaɗan ne, da shi zai sayi roba da inji da kwali. Araha ba ta ado, in ma ta yi adon to a kwali ta yi shi.

Wannan ba laifin ƙasar da aka ƙera ba ne. Hornby kansa ya kwashe aikinsa daga garin Margate na Ingila zuwa Sin a shekarun 1990, kuma jiragen manya da yake fitarwa tun daga nan sun fi na da kyan siffa. Masana'anta tana ƙera abin da mai oda ya biya ne.

Manyan ma sun rage

Duk da haka, masu cewa na masu suna ya canja suna da hujja. Lego ya fito da jirgi mai bolt 9 a 1991, dogonsa da ƙarfe a saman roba, wuta na bi ta cikinsa, babu batir sam. Daga 2006 zuwa 2007 ya bar wannan tsari ya koma dogon roba zalla da batir a cikin jirgi. Sabon jirgi yana tafiya kan tsohon dogo, tsohon inji kuwa ba ya motsi kan sabo. Jiragen Thomas masu batir, wato jirgin nan mai fuska na fim ɗin yara, su ma sun bi hannu da yawa: Tomy ya fara, aka sauya musu suna zuwa TrackMaster a 2007, suka koma hannun Fisher-Price, aka sake musu ƙira gaba ɗaya a 2014 da sabon dogo da ba ya haɗuwa da tsoho sai da mahaɗi na musamman. Manyan kawunan jirgi na Tomy suna ɗaukar batir babba mai lamba C a taragon baya, na bayan 2014 kuwa ƙananan AAA guda biyu.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kowane yanki na roba sai an sassaƙa masa nasa ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, kuma ƙarfen nan shi ne mafi tsada a harkar, don haka in an haɗe yanki uku ya zama ɗaya, ko aka ɗora jiki goma daban-daban kan gindi iri ɗaya, an yi riba. Kowane sukuru kuɗin hannun mai ɗaurawa ne, sai a musanya shi da maƙalin roba. Fenti ya koma takarda mai gam. Sandunan da ke haɗa ƙafafu suna kai da komo, waɗanda su ne kyan jirgi mai tururi, aka mayar da su zane a jikin roba. Sannan shekarun mai wasan sun sauko: yaron da a da zai riƙe jirgi har ya kai goma sha biyu, yanzu waya ta ɗauke shi tun yana bakwai, sai kamfani ya ƙera wa ɗan shekara uku zuwa biyar, wanda ba ya neman dogo mai rassa, gudu da ƙara yake so.

Wani ragin kuma doka ce ta tilasta shi, kuma ya yi daidai. A 2007 an janye jiragen katako na Thomas wajen miliyan ɗaya da rabi daga kasuwar Amurka saboda dalma a cikin fenti, shekara ta gaba Amurka ta tsananta dokar kayan yara, Tarayyar Turai ta yi nata a 2009. A Turai ba a yarda abin wasa ya yi aiki da wutar da ta wuce bolt 24 ba. Duk yankin da zai shige cikin bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7 ba a sa shi a kayan ɗan ƙasa da shekara uku, don kada ya haɗiye. Murfin batir da ake ɗaurewa da sukuru, wanda ke ba iyaye haushi, daga irin waɗannan dokoki ya samo asali.

Inda jirgi ke mutuwa

A cikin kusan kowane jirgi mai batir akwai ɗan inji mai gefe biyu a shafe, girman babban yatsa, wanda ake kira mai lamba 130. Mai kyau irin na kamfanin Mabuchi yana juyawa wajen sau 9,000 a minti da bolt 1.5 in ba ya jan komai. Ƙafar jirgi kuwa mai faɗin santimita biyu, juyi 200 a minti ya ishe ta. Ke nan sai an rage gudun wajen sau arba'in ko hamsin, kuma wannan shi ne aikin giya: fayafayan roba uku ko huɗu masu haƙora, kowanne yana juya na gabansa a hankali da ƙarin ƙarfi. Na farko ƙarami ne, yawanci haƙora takwas, an cusa shi da ƙarfi a sandar injin mai kaurin milimita 2. Na ƙarshe kuma an cusa shi a sandar ƙafa. Waɗannan biyun, na farko da na ƙarshe, su ne ke fashewa.

Abin da ke faruwa shi ne robar tana matse da ƙarfe tun ranar da aka cusa ta. Ƙarfe ba ya tsukewa, roba kuwa tana bushewa tana tsukewa, zafi na gaggauta ta. Wata rana sai ta tsage daga rami zuwa tsakanin haƙora biyu. Da farko tsagar tana buɗe tazarar haƙoran ne kawai, sai ka ji "ƙas, ƙas, ƙas" sau ɗaya a kowane juyi, jirgi yana ɗingishi. Wannan ita ce ƙarar da ka ce ka ji. Daga baya giyar ta saki sanda gaba ɗaya, inji na kuka shi kaɗai, ƙafa na tsaye.

Yaro yana taimaka wa wannan ɓarna ba da saninsa ba. Ɗan shekara biyar ba ya haƙurin kallon jirgi yana tafiya, sai ya danne shi ya tura da hannu. In giya tana haɗe, turawar tana komawa baya ta cikin fayafayan, ƙarfin hannun ya sauka kan haƙoran da ba su kai ƙwayar gero ba. Nan ne bambancin ƙira yake fitowa fili. A jiragen Plarail da yawa, in ka kashe makunni yana raba giya da ƙafa, jirgin ya zama na turawa. Wasu kamfanoni suna sa ɗan sifirin da ke barin giya ta zame in an danne ta. Na araha ba shi da ko ɗaya. Yanki ɗaya ne tak aka cire, mai saye ba zai gan shi ta tagar leda ba, amma shi ne tsakanin sati biyu da shekara goma.

Sauran ragin da ke ciki: a mai kyau giyoyin suna cikin akwati rufaffe mai maiƙo, sandunan suna kwance a ramuka masu kauri. A na araha suna fili, an dasa sandunan a jikin gindin jirgin kai tsaye, in gindin ya ɗan lanƙwashe da zafi sai haƙora su rabu. Robar giya mai kyau fara ce mai santsi da tauri, nailan ko dangoginsa. Ta araha daga narkakken tsohon kaya ake yin ta, launinta gauraye, tana ɓarewa kamar garin sabulu. Wayoyin ciki kuma siraran gaske ne, an like su da ɗigon dalma ɗaya.

Yadda za ka gane ciwon naka

Ba a yanke hukunci daga nesa ba tare da an ji kukan jirgin ba, amma gwajin ba shi da wuya. Sa sabon batir, ɗaga jirgin, kunna, kanga shi a kunne.

In inji yana kuka da sauri, siririyar murya, ƙafa ba ta motsi, giya ce ta saki. Kwance sukurorin ƙasa, ka jera su yadda ka cire su don tsawonsu ba ɗaya ba ne, ka ɗauki hoton ciki da waya kafin ka taɓa komai. Nemi giyar da ke juyawa a sanda in ka murza ta da yatsa. In ƙaramar kan inji ce, an yi sa'a, domin irinta tana cikin matattun motocin wasa da tsofaffin rediyo masu kaset, mai gyaran rediyo ba zai rasa ta ba. A ƙirga haƙoran su zo daidai. Wajen cusawa a tokare ɗaya ƙarshen sandar injin da ƙarfe, in ba haka ba murfin bayan injin zai ɓalle. In ta sandar ƙafa ce, a zare ta, a wanke maiƙon da alkol, a ɗan kankare sandar da sanfefa, a sa ɗigon sufa gulu a sandar kaɗai, a mayar. Gam ba ya kama irin wannan roba sosai, don haka gyaran na ɗan lokaci ne, sai in giyar tana da wuya a gefe da za a ɗaure da zagaye biyu na siririyar wayar tagulla a matse tsagar. Wannan ɗaurin ya fi gam riƙo.

In inji yana gurnani ƙasa-ƙasa bai juya ba, wani abu ne ya shaƙe shi. Duba gindin ƙafafu: zaren tabarma, gashin kitso, zaren darduma suna naɗewa a sanda har su zama kamar igiya. Allura da ɗan hantsaki sun isa. Kada a bar shi a kunne yana gurnani, domin injin da aka tare yana jan wuta har wajen amfiya 2, ninki goma na abin da yake ja in yana sake, kuma ƴan harsunan ƙarfen da ke kai wuta cikinsa sirara ne, minti kaɗan su ƙone.

In kuwa shiru kake ji, fitila kaɗai, to ko waya ta tsinke a bayan inji, ko makunni, ko allon lantarkin. Taɓa wayoyi biyu daga batir kai tsaye zuwa kunnuwan injin. Ya juya, lafiyarsa lau. Allon irin waɗannan jirage yana da wani baƙin ɗigo kamar kwalta, a ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwar take, ba ta gyaruwa. Abin yi shi ne a tsallake shi: waya daga batir zuwa makunni, daga makunni zuwa inji, daga inji ta koma batir. Za a iya rasa jiniya, amma jirgi zai dawo. Iyaye da yawa ba sa kukan rashin jiniyar.

Maganar maiƙo: kada a sa baƙin mai, kada a sa man gyaɗa ko man ja. Man mota yana cin wasu robobin yana kumbura tayar, man girki kuma yana daskarewa ya zama danƙo. Maiƙon silikon ake sawa, gwargwadon kan ashana a haƙoran giya. In babu, gara a bar shi a bushe, don a garinmu maiƙo mai yawa rairayi yake tarawa.

Batir

Jirage da yawa da ake cewa sun mutu, batir ne bai ishe su ba. Batir mai araha da ake sa wa rediyo da tocila, wanda aka rubuta wa R6, na gawayi da tutiya ne. Yana da kyau ga abin da ke shan wuta kaɗan-kaɗan, amma inji na fara ja sai ƙarfinsa ya faɗi. Fitila da jiniya za su ci gaba da aiki da shi, ƙafa ta kasa, mutum ya ɗauka jirgi ya lalace. Wanda ya dace shi ne mai LR6 in AA ne, ko LR03 in AAA ne, wato alkalin. Rubutun "Heavy Duty" a jiki ba ya mayar da shi alkalin, lambar za ka duba.

AAA bai kai rabin AA ɗaukar wuta ba, C kuwa ya ninka AA wajen sau uku. Saboda haka komawar kamfanoni ga ƙananan batura ta sa jirgi ya yi sauƙi ya yi gudu, amma kuɗin ya dawo aljihun uba. Mai niyyar daɗewa da jirgi ya sayi batura masu caji na NiMH. Bolt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, jirgi zai ɗan rage gudu, kuma hakan alheri ne ga giya. A kula da wani batir mai caji na litiyom mai lamba 14500: girmansa ɗaya da AA, yana shiga ramin daidai, amma bolt 3.7 ne, yana iya ƙona inji da allo.

Kada a haɗa tsoho da sabo, kuma a cire batir in an gama wasa. Batir da aka manta a ciki lokacin bazara yana zubar da ruwa ya ci sifirin. Farin garin da alkalin ke bari ana goge shi da auduga da ɗigon ruwan lemun tsami, a bushe, a kankare ƙarfen har ya yi haske, a wanke hannu.

Zafi, ƙura da dogo

Ba a ƙera waɗannan kaya da Afrilun Maraɗi a rai ba. Rana mai digiri 40 da ɗoriya, ɗaki mai rufin kwano, ko bayan gilashin mota, suna lanƙwasa dogon roba, kuma dogon da ya karkace ko da milimita biyu ne a mahaɗa zai riƙa kayar da jirgi. Hasken rana kai tsaye yana sa roba ta yi rawaya ta yi gautsi. Robar ABS, irin ta Lego, tana jurewa. Ta araha takan yi fari a inda aka lanƙwasa ta, daga nan sai karyewa.

Ƙafafun da ke ja suna da siririyar taya ta roba. Ita ce ke bushewa da hunturu ta tsage, ko ƙura ta shafe ta ta yi santsi, sai jirgi ya tsaya yana murza ƙafa wuri ɗaya, musamman a hawa. A goge ta da tsumma mai ɗan danshi. In ta mutu, a yanko zobe siriri daga tsohon tub na keke ko a nemi zoben roba na masu gyaran famfo, a sa wa ƙafafun biyu kauri ɗaya, in ba haka ba jirgin zai riƙa karkata.

A shimfiɗa dogo kan siminti mai laushi da aka share ko kan falanki, ba kan rairayin tsakar gida ba, ba kan tabarma ba. Tarago uku zuwa huɗu ne iyakar ƙarfin irin wannan inji, kuma duwatsun da yara ke lodawa a ciki suna cikin abin da ke cinye haƙora.

A ganina babbar asarar da aka yi a dogon take, ta fi ta inji. Shuɗin dogon Plarail bai canja mahaɗa ba tun farkonsa, na kaka yana shiga na jika. Na araha kuwa kowace masana'anta da irin mahaɗarta, zagaye ɗaya ne rufaffe, in yanki ɗaya ya karye duka sun tashi aiki, kuma kwali na biyu da za ka saya ba zai haɗu da na farko ba. Yaro yana gajiya da kallon abu yana zagaye wuri ɗaya cikin kwana uku. Abin da ke riƙe shi shekaru shi ne ya shimfiɗa hanya da kansa, yau ta bi ƙarƙashin kujera, gobe ta rabu biyu.

Na da ma ba duka ne na kirki ba

Tsohon da muke gani yau shi ne wanda ya tsira, dubban ƴan uwansa marasa ƙarko sun daɗe a juji. Jirage da yawa na shekarun 1930 zuwa 1950 da aka zuba da tutiya mai gauraye da dalma suna kumbura su farfashe da kansu a ajiye, ba mai iya tsayar da abin. Jirgin lantarki na farko da Hornby ya fitar a 1925 daga wutar gida kai tsaye yake sha, ta cikin ƙwan fitila da abin rage ƙarfi, abin da ba wanda zai ba ɗansa yau. Kwano yana da kaifi yana tsatsa, tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma. Ƙwan LED na yanzu ya fi tsohon ƙwai daɗewa da ƙarancin shan wuta, mahaɗin tarago mai maganaɗisu kuma ya fi ƙugiya sauƙi ga ƙaramin hannu, muddin maganaɗisun yana rufe ba zai fito a haɗiye ba.

In za ka sake saye

Ka tafi da baturanka alkalin, ka ce a buɗe kwali. Mai kayan da ya ƙi a gwada, a bar masa kayansa. Ɗauki kan jirgin ka juya cikinsa sama. Sukuru huɗu ko fiye alama ce za a iya buɗewa a gyara, wanda aka like ko aka narke bakinsa kuwa ba a yi shi don a buɗe ba. Sandar ƙafa ta zama ƙarfe. Ƙafafun ja su kasance da tayar roba ta gaske, ba zanen taya ba. Kashe shi ka murza ƙafa da yatsa a hankali: in ta juya sakayau, yana da abin raba giya, ka samu na kirki. In ta ƙi, kada ka tilasta, ka dai san sai an hana yaro turawa. Kunna ka saurara, kuka ɗaya miƙaƙƙe ake so, ba mai tsalle ba. Nauyi kaɗai ba shaida ba ne, wasu suna like guntun ƙarfe a ciki don hannu ya ji nauyi.

Sai dogo. Haɗa guda biyu ka raba sau biyar ko shida, ka duba ko harshen mahaɗar ya fara fari. Shafa yatsa a kan mahaɗar, kada ka ji tudu. Tambayi mai kaya ko yana sayar da ƙarin dogo irinsa daban.

Duk ƙarin kwalliya, hayaƙi da waƙa da rimot da fitilu masu walƙiya, in farashin bai tashi ba to daga giya aka cire kuɗinsu. Tsakanin jirage biyu masu kuɗi ɗaya, ɗauki wanda ya fi shiru. Mai hayaƙin ma na yanzu yawanci ruwa ne yake fesawa ta wani ɗan faifai mai ƙananan huji, ruwan rijiya yana toshe shi, danshin kuma yana sauka kan allo. Tambarin CE a kwali, wato alamar bin ƙa'idar Turai, shi kaɗai ba hujja ba ne, tunda buga shi ba wuya. Kwalin da ke da sunan kamfani da adireshinsa da shekarun yaron da aka yi wa ya fi ba da natsuwa.

Ga ɗan shekara biyar, shawarata ita ce gwanjo mai suna, Tomy ko Lego ko Fisher-Price ko Brio, in ka samu wanda ramin batirinsa bai ci tsatsa ba. Sunan kamfani da shekarar ƙira galibi suna rubuce a ƙarƙashin jirgin. A wanke dogon da ruwa da sabulu a shanya a inuwa, kan jirgin kuwa gogewa kawai. In ka ci karo da mai dogon ƙarfe da taransifoma, karanta abin da ke jikin taransifomar kafin ka kai ta soket: wutarmu bolt 220 ce, na Amurka an yi shi ne don 120, na Japan don 100, kuma sa shi kai tsaye zai ƙone shi. Irin wannan ma sai yaro ya kai takwas zuwa sama, da babba a kusa.

Shi kuma wanda ke hannunka, kada ka jefar. Kai shi wurin mai gyaran rediyo tare da wata matacciyar motar wasa da za a ciro giya daga cikinta, ka gaya masa ya fara duba ƙaramar da ke kan inji.